Yadda Abdulkahar Ya Gyara Muryar Mai Gurmi

Wata tara Abdulkahar ya yi a Legas, a shagon wani mai sayar da kayan sauti, kuma aikinsa a can bai wuce sauke kwalaye daga mota da goge sifikoki da tsumma ba. Amma da ya dawo Kontagora sai ya dawo da laƙabin Injiniya, da baƙin tabarau, da wata ɗabi'a ta karkata kai gefe ɗaya duk sa'ad da ya ji ƙara, ko da kukan jaki ne, kamar likita yana sauraron ƙirjin majinyaci.

A teburin mai shayi yake ba da darasi. Yakan ce sauti kashi uku ne: akwai kauri na ƙasa wanda ke bugun ƙirji, akwai tsakiya inda muryar mutum take zaune, akwai kuma kaifi na sama inda tsirkiya ke fitar da zaƙinta. Wannan duk gaskiya ne, daga bakin maigidansa ya ji. Ragowar bayanin, cewa kada ɗaya ya danne ɗaya, shi ne ya wuce shi, don a daidai wurin aka kira shi ya je ya sauke kaya.

Abdulkahar yana neman auren Nuriyya, 'yar Malam Sulaiman hedimasta. Nuriyya tana sonsa, ko da yake ita kanta ta san rabin maganarsa iska ce. Malam ne bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk sa'ad da aka tayar da zancen sai ya tambaya, wai shi yaron nan takamaimai mece ce sana'arsa. Don haka da Abdulkahar ya ji Malam ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa, kuma za a yi walima ranar Asabar bayan la'asar, sai ya ga ranar nuna sana'a ta zo.

Ya tarar da Malam a falo yana goge wata tsohuwar rikoda mai sifika biyu na katako. A hannunsa akwai kaset guda ɗaya da ya fi komai daraja a gidan. Lokacin da aka fara tura shi koyarwa Nasko yana saurayi, wani mai gurmi da ake kira Jabir ya yi masa waƙa ranar da ɗalibansa na farko suka ci jarrabawa. Kaset ɗin ke nan, babu wani kwafi, kuma shi Malam yake so baƙinsa su ji. Ya ce rabonsa da mawaƙin ya fi shekara talatin.

"Allah ya jiƙansa da rahama," in ji Abdulkahar, ba tare da wani ya ce masa mutumin ya mutu ba. Nan take ya ƙwanƙwasa sifikar Malam da yatsa, ya girgiza kai, ya ce wannan ai akwatin ajiye albasa ne. Ya yi alkawarin in aka bar masa aikin, ranar Asabar duk wanda ya rufe ido zai rantse marigayi yana zaune a gabansa da gurminsa.

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce to, amma kaset ɗin ba zai bar aljihunsa ba sai ranar.

Ranar Laraba Abdulkahar ya fara. Ya tsaya tsakiyar falo ya tafa hannu sau uku, ya karkata kai, ya sanar da cewa ɗakin yana amsa kuwwa, bangon yana mayar da magana. Ya tafi kasuwa ya kwaso kiret ɗin ƙwai na kwali har ɗari biyu, ya sa aka dama masa sitacin rogo cikin babbar tukunya, ya liƙe bango huɗu tun daga ƙasa har silin. Da ya gama ya bar ƙofa a buɗe don ya bushe, ya tafi cin abinci.

Hajiya Sa'adiya, matar Malam, tana da awaki bakwai. Kafin ya dawo sun shiga sun cinye duk abin da bakinsu ya kai, har bunsurun ya hau kujera ya ƙara layi biyu. Hajiya ta tsaya bakin ƙofa riƙe da haɓa, ta ce ita dai in cikin akuya ɗaya ya kumbura, ta san ƙofar da za ta buga. Abdulkahar ya ce ai dama saman bango ne ke da matsala, awakin sun rage masa aiki. Ya shiga ɗakunan gidan ya kwaso katifu biyar ya jingina a inda aka cinye. Mutanen gidan suka koma kwanan tabarma.

Ranar Alhamis ya juya kan kauri. Ya aro wata ƙatuwar sifika a wajen masu kiɗan biki, faɗinta kamar faifai uku, ya ce ba ta da akwatin da ya dace da ita. Idonsa ya faɗa kan duron ruwan Hajiya. Ya juye ruwan a kwata, ya kwantar da duron, ya ɗaure sifikar a bakinsa da igiyar roba. Wayar da ya haɗa kuwa ta mai walda ce, kaurinta ya kai rake, don a cewarsa sauti ba ya son matsi, in hanya ta yi masa ƙunci sai ya iso a gajiye.

Maƙwabcin Malam shi ne Yohanna, mutumin Tungan Magajiya, wanda ya shekara arba'in yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a bakin titi. Ya leƙo ya ga aiki, ya tsuguna ya bi wayoyin da ido. A hankali, da Hausarsa mai ɗan lanƙwasa, ya ce jar waya ga jan baki ake sawa, baƙa ga baƙi, in aka saɓa a ɗaya sifikar sai su riƙa jan juna, muryar ta ɓace a tsakiya. Ya ƙara da cewa gurmi da murya guda ba sa bukatar duro.

"Baba Yohanna, wannan ilimin zamanin batir ne," in ji Abdulkahar. "A Legas saɓawa ake yi da gangan, don sautin ya yi kokawa ya fito da ƙarfi."

"To, Injiniya," in ji Yohanna. "Mu dai a nan in an yi kokawa wani ne ke faɗuwa."

Abdulkahar ya tayar da janareto, ya saka waƙar gwaji daga wayarsa, ya murɗa maɓallin kauri har ƙarshe. Duron ya yi wani gurnani da ba a taɓa jin irinsa a unguwar ba. Gilashin taga ya ɗauki rawa. A ɗakin Hajiya kwanukan samira suka fara tafiya da kansu a cikin kabad, suna zuwa baki suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Agogon bango ya sauko. Abdulkahar yana tsaye ido a rufe yana murmushi, bai ji ihun Hajiya ba, bai kuma ji sallamar da ake ta yi a ƙofar gida ba.

Da ya kashe ya fito, sai ya tarar da mata tara a layi, kowace da kwanon dawa ko masara a ka. Ta gaba, Marta matar Yohanna, ta tambaye shi da ladabi ko injin yana niƙa jiƙaƙƙen wake, ko busasshe kawai. Ya ce mata wannan ba injin niƙa ba ne, kiɗa ne. Ta ce to wace waƙa ce, don ita ba ta ji ana waƙa ba. Ya ce sai kunne ya saba. Wata daga baya ta ce in dai ya canza shawara, na bakin kasuwa layi ya yi masa yawa.

Ranar Juma'a ya yarda, a ransa kawai, cewa murya ba ta fita. Ya yanke hukunci kaifi ne ya yi kaɗan. Ya je wajen wani mai tallar maganin gargajiya ya aro lasifikar da ke kan motarsa, irin mai baki kamar kakaki, ya ɗaure a saman duron. Gwaji ɗaya ya yi. Ƙarar da ta fito ta sa karnukan unguwa haushi har wajen tasha, jaririn maƙwabta ya farka, Malam kuma ya fito daga ɗaki hannu a kan haƙorinsa mai ciwo. Abdulkahar ya ce masa wannan alama ce mai kyau, sautin da ya kai haƙori ya kai ko'ina.

Nuriyya ta same shi a soro da yamma ta ce ya rufa wa kansa asiri, ya mayar da rikodar Baba yadda take, ita za ta ce shi ya goge ta. Ya ce mata gobe za ta yi alfahari da shi. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta dube shi da tabaransa da sitaci a gemu, ta haɗiye maganarta tana murmushi.

Ranar Asabar da hantsi ya iso ya ga ana kafa rumfa a ƙofar gida, ana jera kujeru sama da ɗari. Ya tambaya na mene ne. Aka ce na walima mana, ko da can ya zaci mutum ɗari za su shiga falo? Kwana uku yana gyaran ɗakin da ba wanda zai zauna a ciki.

Bai karaya ba. Ya ce dama fili ya fi, sai dai sauti zai gudu ta baya. Ya mirgino duron waje, ya ɗora lasifika, ya jera sifikokin Malam a gefe, sannan ya fito da katifun nan biyar ya tsayar da su a baya kamar katanga, ya tokare da sanduna. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ga katifun gidan hedimasta a titi, har da mai taswirar fitsarin jikoki. Hajiya ta leƙo ta gani, ta koma ciki.

Bayan la'asar wuri ya cika: malamai, tsofaffin ɗalibai, limamin unguwa, Yohanna da mutanen cocinsu, mata a gefe guda. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Ana cikin haka wani ɗan acaɓa ya sauke wani tsoho siriri mai farin gemu, rataye da jaka. Nuriyya ta fita da sauri ta tarbe shi, ta zagaya da shi ta baya, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar katifu tana ba shi labarin aikin Injiniya. Jabir mai gurmi ne, da ransa da lafiyarsa. Wata biyu ta yi tana cigiyarsa ta hannun direbobin Nasko don ta ba mahaifinta mamaki, kuma ban da ita sai Yohanna kaɗai ya sani. Abdulkahar bai ga komai ba, kansa na cikin wayoyi.

Da lokaci ya yi, ya karɓi kaset daga hannun Malam da hannu biyu. Ya yi jawabi na kusan minti goma kan kauri da tsakiya da kaifi, ya roƙi jama'a su rufe ido su karɓi baƙuncin marigayi Jabir. Ya saka kaset, ya danna.

Duron ya yi gurnani, lasifika ta yi tsuwa, limami ya toshe kunne da gefen rawani. Wani abu ya ce ɗas a cikin amfilifaya, akwatin ƙara ƙarfin sauti da ya aro, siririn hayaƙi ya tashi ta baya, komai ya yi tsit. Abdulkahar ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashin tebur yana jan wannan waya yana tura waccan, gumi na ɗiga daga hancinsa. Jama'a suka fara ƙus-ƙus. Malam ya sunkuyar da kai.

Yohanna ya matsa bakin katifu ya raɗa wa tsohon wani abu. Jabir ya zaro gurminsa daga jaka, ya ɗan ja tsirkiya, ya fara.

Sautin ya fito daga bayan katifu a natse, tsirkiya tana tafiya, murya na biye da ita. Malam ya ɗago kai a firgice. Abdulkahar ya fito daga ƙarƙashin tebur a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi jama'a kamar wanda ya ci zaɓe. Ya rufe ido ya buɗe hannuwa.

Ya ce su saurari wannan kauri, aikin duro ke nan. Su ji yadda tsirkiya ke fita tas, aikin lasifika ke nan. Waɗanda ke zaune a gefen rumfa suna hango tsohon sarai, suka fara taɓa na kusa da su, labari ya bi layi kujera bayan kujera. Ba wanda ya yi dariya a fili. Kowa ya cije leɓe yana jiran abin da zai biyo baya.

Sai Abdulkahar ya karkata kai, ya yamutsa fuska. Ya ce akwai saura. Muryar ta ɗan dushe kamar ta tsoho, laifin kaset ne da ya daɗe a ajiye, amma yanzu zai gyara. Ya kama maɓalli ya murɗa dama. Yohanna, daga bakin katifa, ya ɗaga hannu sama, Jabir ya ɗaga murya. Ya murɗa hagu, Yohanna ya sauke hannu, murya ta koma kamar raɗa. Ya yi ta murɗawa dama da hagu da sauri don jama'a su ga iko, tsohon yana binsa sama da ƙasa har tari ya sarƙe shi. Abdulkahar ya ce wannan tarin ma yana cikin kaset tun asali, rikodar Malam ce ba ta iya fito da shi.

"Allah ya jiƙan marigayi," ya ce, "amma ko yana raye bai taɓa yin daɗin da ya yi yau ba. Gurminsa ma a asali akwai ɗan karkata, ni na daidaita shi."

Gurmin ya tsaya cak, sannan ya dawo da wani sabon kiɗa mai sauri. Murya ta shiga rera cewa ga Abdulkahar Injiniya, mai ciyar da awaki kwali, mai kwanar da hedimasta a tabarma, mai kashe mutum da baki ya yi masa addu'a.

Rumfa ta fara girgiza da dariyar da ake dannewa. Abdulkahar ya buɗe ido. Wani tsohon ɗalibi ya tambaya da murya mai ladabi, yaya aka yi kaset ɗin da aka ɗauka kafin a haifi Injiniya ya san sunansa? Abdulkahar ya karkata kai. Ya ce abin da mutane ba su sani ba ke nan, kayan sauti masu inganci suna fito da abubuwan da ke ɓoye a cikin kaset, waɗanda ko mawaƙin bai san ya faɗa ba.

A nan ne limami ya kasa daurewa, ya fashe da dariya, sauran jama'a suka bi shi. Bunsurun Hajiya, da hayaniya ta firgita, ya ruga ta bayan rumfa ya ture sanda ɗaya, katifu suka zube ɗaya kan ɗaya. Ga Jabir zaune a tabarma, gurmi a cinya, yana kallon Abdulkahar.

"Ɗana," ya ce, "zo ka nuna mini inda gurmin ya karkace."

Abdulkahar ya ja da baya, ƙafarsa ta harɗe da wayar walda, ya zauna daɓas a kan sifikar duro, takardar fuskarta ta yage, ya nutse ciki har kafaɗa, ƙafafu a sama. Mutum uku suka ja shi kafin ya fito.

Malam bai ga wannan ba. Ya riga ya tsallake katifu ya rungume tsohon, suna kuka suna dariya, kowa na tambayar ɗan'uwansa ina gashin kansa ya tafi. Sai da suka natsa ya tuna da kaset. Aka buɗe rikoda, sai ga zaren ya fito ya nannaɗe kamar taliya, ya tsinke a wuri ɗaya. Dariya ta ɗauke. Malam ya riƙe shi a tafin hannu yana dubawa.

Yohanna ya karɓa, ya zauna a kujera, ya warware zaren a hankali, ya yanke inda ya tauna, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farcen Nuriyya, ya naɗe da biro. Ya cire sifikokin katakon daga tarkacen, ya mayar da kowace waya mazauninta, ya ajiye maɓallan duka a tsakiya. Muryar Jabir ta ƙuruciya ta fito, ba ƙara, ba gurnani, kowace kalma a fili. Baiti ɗaya ne ya tafi. Da aka zo wurin, tsohon ya cike shi da bakinsa, ya ci gaba da bin saurayin da ke cikin kaset har ƙarshe, ba wanda ya motsa.

Da taro ya watse Malam ya kira Abdulkahar. Ya ce yanzu ya gane sana'arsa, kuma ba ta ciyar da iyali. In yana son a sake zancen Nuriyya, ya je rumfar Yohanna ya zauna shekara guda, bakinsa a rufe, in Yohanna ya yarda ya ɗauke shi. Yohanna ya ce ya yarda, amma sharaɗin rufe bakin nan ba ya jin akwai mai iya cika shi. Kafin nan, in ji Malam, ya ɗauki babur ya kai baƙo tashar Nasko.

Jabir ya hau baya, ya gyara zama, ya zaro gurmi. Tun daga ƙofar gida ya ɗauko sabuwar waƙar, ya ƙara mata baitoci. A kowace mahaɗa sai ya ce a rage gudu, ƙashinsa ba ya son gargada. Masu shaguna suka fito, 'yan acaɓa suka biyo su a jere suna amshi, kafin su kai tasha ayarin ya kai babur ashirin.

Da tsohon ya shiga mota, Abdulkahar ya tsaya yana sauraron 'yan acaɓan da ke ta rera sunansa da na awaki. Wani ɗan kamasho ya matso ya tambaye shi ko ya san wannan Injiniyan da ake yi wa waƙa.

Abdulkahar ya gyara tabarau ya ce ya san shi sosai, kuma a duk faɗin Kontagora mutum biyu kaɗai Jabir mai gurmi ya taɓa yi wa waƙa, ɗayan sai da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, shi kuwa kwana huɗu.